Likitan Asibiti da Likitan Rediyo

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Hakimi da 'yan majalisarsa, shugaban ƙungiya da sauran shugabanni, iyayenmu mata, 'yan uwa da suka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal domin halartar wannan zama, muna yi muku barka da zuwa, da fatan an sauka lafiya, an kuma tarar da mutanen gida lafiya.

Da kwamitin shirya taro ya ba mu zaɓin abin da za mu yi magana a kai, mun san da yawa sun ɗauka rufin makarantar firamare za mu sake tasowa da shi, kamar yadda muka saba. Wasu kuma za su ce me ya haɗa tsohon hedimasta da sha'anin likitoci. Gaskiyarsu. Alli muka riƙe shekara talatin da biyar, ba mu taɓa riƙe allura ba. Sai dai abin da za mu tattauna a yau ya fi shafar mai sauraro a kan likita, mu kuwa a fagen sauraron rediyo mun daɗe da samun digiri.

Akwai wani abokin karatunmu, tare muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin da aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, wato bayan 1976, tare muka yi koyarwar gwaji, tare muka tsufa a aji. Mutum ne mai karatu, ba wanda za a ce jahilci ya ja shi ba. Yana da hawan jini, yana shan ƙwayarsa kowace safiya shekara da shekaru, yana kuma zuwa awo duk wata. Ran nan sai ɗansa da ke aiki a birni ya turo masa wani ɗan bidiyo ta waya, da kyakkyawar niyya. A ciki ga wani mutum sanye da farar riga, abin sauraron ƙirji rataye a wuya, yana zaune a ɗakin talabijin, mai gabatarwa yana ta kiransa Dakta. Ya ce ƙwayar asibiti danne cuta kawai take yi tana cin ƙoda, amma akwai wani haɗi da ke tumɓuke hawan jini daga saiwa cikin mako uku. Ɗan ya biya kuɗi, aka aiko da kwalabe a motar haya, abokinmu ya ajiye ƙwaya. Makonnin farko har ya ce mana yana jin jikinsa sakayau, kuma ba ƙarya ya yi ba, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Bayan wata uku ya faɗi a ƙofar gidansa. Yana nan da rai, muna zuwa gaishe shi, amma hannun da ya yi shekaru yana rubutu a allo yanzu ba ya ɗaga cokali. Da muka tambaye shi yadda aka yi mutum irinsa ya bar magani, sai ya ce mana da harshen da ya karye: "Ai likita ne ya faɗa."

Wannan amsa ita ce ta kawo mu gabanku.

Kada a ɗauka muna ƙin likita ya shiga rediyo. Mu shaidu ne kan alherin da hakan ya yi. Waɗanda suka yi renon yara a shekarun 1980 za su tuna yadda gudawa take ɗauke jarirai da damina, su kuma tuna yadda a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka yi ta koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari ta rediyo da talabijin har ya zauna musu a ka. Mu ma mun koyar da shi a darasin kiwon lafiya, amma muryar da ke fitowa daga akwati ta fi tamu isa cikin gida. A ƙasar da likita ɗaya yake fama da layin marasa lafiya tun safe har la'asar, ga kuma waɗanda muka ɗauki nauyin karatunsu suna ta ficewa ƙasashen waje, minti goma sha biyar na likitan kirki a rediyo yana iya kaiwa inda motar asibiti ba ta taɓa zuwa ba.

A Ingila ma haka aka fara. Lokacin yaƙin duniya na biyu akwai wani likita, Charles Hill, da yake yi wa jama'a bayani a BBC kan abinci da lafiyar iyali, kusan kowane gida ya san muryarsa. Abin lura shi ne ba a faɗin sunansa a iska, Likitan Rediyo kawai ake ce masa, saboda ƙa'idar likitocin wancan zamani ta hana likita tallata kansa. Sun yarda ilimin ya fita, sun ƙi yarda sunan ya zama haja. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amurka kuwa wata hanya ta bi, kuma a can ne aka ga iyakar abin, don haka bari mu ɗan daɗe a can. Tun rediyo yana jariri aka sami wani mutum mai suna John Brinkley a wani ƙaramin gari, Milford, a jihar Kansas. Takardar likitancinsa daga wata makaranta ya same ta wadda ake sayen shaida da kuɗi. Sana'arsa, a gafarce mu, ita ce dasa wa maza masu raunin mazakuta wani yanki na marainan bunsuru, a kan dala 750, kuɗin da a lokacin za su sayi sabuwar mota. A 1923 ya buɗe gidan rediyon kansa. Yana sa kiɗan ƙauye, yana wa'azi, yana magana da manoma da harshensu, sannan ya ƙirƙiro fili na amsa wasiƙun marasa lafiya. Zai karanta wasiƙar matar da bai taɓa gani ba, ya ce ta je kantin magani kaza ta nemi magani mai lamba kaza, masu kantunan kuma suna yanka masa kasonsa. Jama'a suka so shi so mai tsanani. A 1930 hukumar likitocin Kansas ta ƙwace lasisinsa, bayan an gabatar da takardun mutuwar mutum 42 da shi da kansa ya sa wa hannu, hukumar rediyo ita ma ta ƙi sabunta masa izini. Me ya yi? Sai ya tsaya takarar gwamna a shekarar, kuma duk da sunansa ba ya kan takardar zaɓe, sai mai zaɓe ya rubuta da hannu, ya sami kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u. Daga nan ya kafa wata tashar mai ƙarfin gaske a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Meziko, inda dokar Amurka ba ta kaiwa, ya ci gaba da cinikinsa. Sai da ya kai ƙarar editan mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, Morris Fishbein, don ya kira shi ɗan damfara, ya kuma faɗi a shari'ar a 1939, sannan rufin ya rufto masa. Ya mutu a 1942 bayan ya karye.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar garin nan ranar cinta, ya ji mai mota da lasifika yana lissafa cututtuka goma sha biyu da kwalba ɗaya ke kashewa, zai gane Brinkley ko a duhu. Irinsa ba shi da wuyar ganewa idan an natsu. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne likita na gaske, mai takardu na gaske, wanda ba a taɓa shakkar ƙwarewarsa ba.

Misalin da duniya ta fi sani shi ne Dakta Mehmet Oz, Ba'amurke ɗan asalin Turkiyya, wanda aka haifa a 1960. Ya yi karatu a Harvard da Jami'ar Pennsylvania, ya zama farfesan tiyata a Jami'ar Columbia da ke New York, kuma fiɗar zuciya ce sana'arsa. Ko masu sukarsa ba su musanta cewa gwani ne a ɗakin tiyata ba. Shahararriyar mai shirin talabijin ɗin nan, Oprah Winfrey, ita ta riƙa gayyato shi shirinta, jama'a suka ji daɗin yadda yake warware abu mai wuya da sauƙin harshe, har a 2009 aka buɗe masa shirin kansa, wanda aka yi ta nunawa ranakun aiki har zuwa farkon 2022, a Amurka da ƙasashe da dama.

To a 2012 sai ya fito ya yabi wani maganin rage ƙiba da ake tatsowa daga ɗanyun 'ya'yan gahawa, waɗanda ba a gasa ba, ya siffanta shi da kalmomi irin na abin al'ajabi. Kasuwar maganin ta buɗe nan take. Binciken da aka dogara da shi kuwa a Indiya aka yi shi, a kan mutum 16 kacal. Daga baya hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta ce an yi wa alƙaluman binciken kwaskwarima, kamfanin da ya ɗauki nauyinsa ya amince ya biya dala miliyan 3 da rabi a 2014, waɗanda suka sa sunansu a kan binciken kuma suka janye shi a shekarar. A watan Yunin 2014 Dakta Oz ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar dattawa da Sanata Claire McCaskill take jagoranta. Ya je ne yana kukan cewa 'yan kasuwa suna amfani da sunansa da hotonsa ba da izininsa ba, kuma a wannan yana da gaskiya. Amma sanatar ta juyo da tambayar kansa: me ya sa mutum mai iliminsa zai riƙa faɗin abin da ya san kimiyya ba ta tabbatar ba? Ya amsa cewa lallai ya yi amfani da kalmomi masu ƙawa, kuma yana ganin aikinsa a shirin shi ne ƙarfafa wa masu kallo gwiwa.

A watan Disambar wannan shekara mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga wani nazari da wasu masana daga Jami'ar Alberta ta Kanada suka yi. Sun zauna sun kalli fitowa 40 ta shirin Dakta Oz, da fitowa 40 ta wani shirin likitoci mai suna The Doctors, suka tsamo shawarwari 80 daga kowanne, suka shiga neman hujjarsu a littattafan bincike. A shirin Dakta Oz sun sami hujja mai goyon bayan kashi 46 cikin ɗari na shawarwarin. Kashi 15 hujja ta saɓa musu, kashi 39 kuwa ba a sami wata hujja a kansu ba. Ɗaya shirin ya ɗan fi, da kashi 63. Mu da muka yi rayuwarmu muna makin jarrabawa mun san inda mai 46 yake zama a aji, kuma wannan jarrabawa ce da ake amsawa da jikin mutane. Nazarin ya kuma gano cewa ko kashi ɗaya cikin ɗari na shawarwarin bai zo da bayanin ko mai maganar yana da wata riba a ciki ba. A 2015 wasu likitoci goma suka rubuta wa Jami'ar Columbia suna neman a raba shi da muƙaminsa, jami'ar ta ce malamanta suna da 'yancin faɗin ra'ayinsu. Duk wannan bai rage masa farin jini ba. Ya tsaya takarar sanata a jihar Pennsylvania a 2022 ya faɗi, sannan a watan Afrilun 2025 majalisar dattawa ta tabbatar da shi shugaban hukumar da ke kula da inshorar lafiyar tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasar. Ku lura, shi da Brinkley duka daga makirufo suka nufi akwatin zaɓe.

Yanzu tambayar da ta dame mu: ta yaya gwani yake zamewa haka? Mun daɗe muna juya ta, kuma amsar da muka samu daga aji muka samo ta.

Malamin makaranta yana da mai tona masa asiri. Kafin ya shiga aji hedimasta ya duba shirin darasinsa ya sa jan biro. Sufeto yana iya faɗowa ba sanarwa ya zauna a bencin baya. A ƙarshen shekara kuma ga jarrabawar shiga sakandare, wadda ba ta san daɗin bakin malam ba. Idan bai koyar ba, sakamako zai faɗa. Likitan asibiti shi ma haka yake. Yana ganin marar lafiya ido da ido, ya taɓa shi, ya auna jininsa, ya tambaye shi abin da yake sha, ya tura shi gwaji, ya rubuta a kati. Bayan mako biyu mutumin zai dawo, ko da sauƙi ko da ƙari, ko kuma a zo a ce ya cika. Ga manyansa suna zagayen gadaje suna yi masa tambayoyi a gaban ɗalibai. Wannan komowar ta marar lafiya ita ce take gyara likita kullum, ita take koya masa tsoron kuskure.

Likitan rediyo ba shi da wanda zai dawo masa. Ya yi magana, ta tafi gida dubu ɗari, a ciki akwai mai ciki, akwai mai ciwon ƙoda, akwai yaro, akwai wanda yake shan wani magani da bai jituwa da wanda aka ambata. Wanda ya ji daɗi zai bugo waya ya yi godiya a iska. Wanda ya faɗi a ƙofar gida ba ya bugowa. Saboda haka sakamakon da yake isa kunnen likitan yabo ne zalla, sai kuma ƙidayar masu sauraro, wadda ita ce jarrabawar da gidan rediyo ya sani. Mutum kuwa, kowane ne shi, jarrabawar da ake yi masa ita yake karanta wa.

Sannan ga yunwar shiri. Gaskiyar kiwon lafiya ba ta da yawan sauyi, kuma ba ta da armashi: a wanke hannu, a kwana cikin gidan sauro, a kai yara rigakafi, a rage gishiri, mai ciki ta je awo, mai hawan jini ya sha maganinsa har ƙarshen rayuwa. Wannan a mako guda an gama faɗinsa. To mai shiri kullum, shekara goma sha uku, me zai ce ranar Talatar mako na biyu? Masu nazarin da muka ambata sun ƙirga kimanin shawarwari goma sha biyu a kowace fitowa ta shirin Dakta Oz. Babu ilimin likitanci da yake haifar sabuwar gaskiya goma sha biyu kowace rana. Dole a cike gurbi, kuma abin da ake cikewa da shi shi ne ɗan binciken da aka yi a kan mutum 16.

Akwai kuma faɗin fili. Likita yakan yi shekara shida a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan idan zai ƙware ya ƙara wasu biyar ko shida a fanni ɗaya tak. A asibiti idan ka kai wa likitan ido ciwon mahaifa zai tura ka ƙofa ta gaba, ba ya jin kunya. A rediyo kuwa waya ake buɗewa, wannan ya tambayi basir, wancan ya tambayi farfaɗiya, wata ta tambayi rashin haihuwa, mai gabatarwa yana kallon agogo, kuma ba a gayyato baƙo don ya ce bai sani ba. Mun taɓa sa malamin lissafi ya riƙe ajin Larabci don ƙarancin malamai, mun kuma ga abin da ya biyo baya.

Zamanin korona ya nuna mana wannan a fili, kuma a nan ne abin Amurka ya shigo har cikin ɗakunanmu. A watan Maris na 2020, bayan Shugaba Trump ya yabi kulorokwin, hukumomin Legas suka ba da sanarwar cewa an fara kawo mutane asibiti saboda sun sha shi fiye da kima, farashinsa kuma ya yi tashin gwauron zabo. Dakta Oz yana cikin waɗanda suka yi ta yabon ɗan uwan wannan magani a talabijin a farkon annobar. A watan Yuli sai ga bidiyon wata likita, Stella Immanuel, haifaffiyar Kamaru wadda ta yi karatun likitanci a Jami'ar Kalaba, tana aiki a Amurka. Ta tsaya da farar riga a gaban kotun ƙolin ƙasar ta ce ta yi wa ɗaruruwan masu korona magani da shi, ba a bukatar takunkumi. Facebook da YouTube suka cire bidiyon, amma kafin nan ya zaga wayoyinmu, kuma da yawa daga cikinmu mun tura shi gaba da alfaharin cewa tamu ce. Alhali tun a watan Yuni wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya, a kan dubban marasa lafiya, ya nuna maganin ba ya rage mutuwar waɗanda aka kwantar. Gwajin nan dai shi ya gano cewa wani tsohon magani mai araha, dexamethasone, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. A zauren nan mutum nawa ne suka ga bidiyon likitar, mutum nawa ne kuma suka ji labarin gwajin?

A gida matsalarmu tana da ƙarin rassa. Kalmar Dakta a bakinmu riga ce mai faɗi. Mai digiri na uku a tarihi Dakta ne, attajirin da aka ba digirin girmamawa Dakta ne, mai kemis na bakin tasha Dakta ne, mai maganin gargajiya ma ya buga kati ya sa Dakta. Farar riga kuwa tela yana ɗinka ta da yadi uku. Haka zalika ba kowane mai sauraro ne yake bambance shirin da gidan rediyo ya shirya da kansa da filin da wani ya saya da kuɗinsa ba, tunda murya ɗaya ce take gabatar da su duka, kiɗan buɗewa ma kusan iri ɗaya. Hukumomi suna nan: majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke riƙe da rajistar duk wanda aka yarda ya yi aikin likita, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin magani da tallarsa, NBC kuma tana sa ido kan gidajen rediyo da talabijin. Amma babu ɗayansu da yake zaune a wayar mahaifiyarka. Yanzu ma har an kai ga ƙera bidiyon ƙarya da ƙirƙirarriyar basira. A 2024 mujallar BMJ ta ba da rahoton yadda ake ɗaukar fuska da muryar sanannun likitocin talabijin na Birtaniya, ciki har da marigayi Michael Mosley, ana sa su tallar magungunan da ba su taɓa ji ba. Ke nan gani ma ya daina korar ji.

To wa za mu gaskata? Mu dai abin da muke saurare a bakin likitan rediyo, kafin takardunsa, shi ne inda maganarsa take tura mutum. Idan ta ƙare da "je asibiti mafi kusa a auna ka", hankalinmu yakan kwanta, domin ya mayar da marar lafiya hannun wanda zai gan shi. Idan ta ƙare da lambar waya da farashi da ragin da zai ƙare ranar Juma'a, mun san kasuwa muka shigo. Muna kuma sauraron ko ya taɓa cewa "wannan ba fannina ba ne", ko "ban sani ba", ko "abin da na faɗa muku bara an gano ba haka yake ba". Wanda ya yi shekara yana amsa waya bai taɓa furta ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ko dai ya fi duk likitocin duniya, ko kuwa ya daina jin tsoro. Wanda kuma ya ce wa mai hawan jini ko mai ciwon suga ya ajiye maganin asibiti, alhali bai taɓa auna shi ba, wannan ko farfesa ne a kashe rediyon.

Akwai ma'auni guda da ya fi waɗannan nauyi a wurinmu, shi ne ko maganar ta ci wa mai ita wani abu. A watan Agustan 1997 Farfesa Ransome-Kuti ya zauna gaban 'yan jarida ya ce ƙanensa Fela cutar ƙanjamau ce ta kashe shi, a lokacin da iyalai suke ɓoye sunan cutar kamar abin kunya, wasu ma suna cewa babu ita. Bai sayar da komai ba ranar, sai dai ya jawo wa gidansu surutu. Irin wannan likita idan ya hau rediyo ya ce a kai yara rigakafi, yana da abin da ya ajiye a ma'ajiyar amana da zai ciro.

'Ya'yanmu likitoci da ke zaune a nan, da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna, wasunku ana gayyatarku gidajen rediyo da talabijin a biranen da kuke, wasu kuma kun buɗe shafukanku kuna da dubban mabiya. Muna jin ku, muna alfahari, kuma ba mu ce ku daina ba. Idan kun bar filin, mai kwalba ne zai hau. Roƙonmu shi ne ku tuna da Charles Hill, wanda aka san muryarsa ba a faɗin sunansa. Ba za a koma wancan zamani ba, amma dalilin da ya sa magabatanku suka kafa ƙa'idar bai tsufa ba. Kada ku bar duba marasa lafiya gaba ɗaya saboda kyamara, domin gadon asibiti shi ne sufetonku. Idan kamfani ya biya ku, ku faɗa a iska kafin ku buɗe baki. Idan mai tsara shiri ya ce ku ƙara gishiri, ku tuna akwai wani tsohon malami a ƙauye da zai ɗauki maganarku kamar yadda ya ɗauki ta malamansa na kwaleji.

Ku kuma sauran 'yan uwa mazauna birni, yawancin abin da yake shigowa wayoyin tsofaffin garin nan daga hannunku yake fitowa, kuɗin kwalabar ma ku kuke biya. Uwa ba ta musun abin da ɗanta na Abuja ya turo. Shaidarku take ɗorawa a kan ta mai farar riga. Ɗan abokinmu yaron kirki ne, yanzu shi yake biyan kuɗin gashin ƙashi da na mai jinya, kuma da ya zo gaishe mu bai iya ɗaga kai ba.

Saboda haka muna gabatar wa kwamitin lafiya shawara, ranka ya daɗe, ko za a duba ta kafin a tashi. Cikin 'ya'yan ƙungiya akwai likitoci da ma'aikatan lafiya da suka isa a yi musu jadawali, kowane wata mutum biyu, waɗanda duk ɗan ƙungiya zai tura wa bidiyo ko sautin da ya shafi magani kafin ya aika da shi gida, su kuma su ba da amsa cikin kwana biyu, ko da amsar ita ce sai sun tambayi wanda ya fi su sani. Sannan daga kuɗin da ake warewa don walimar wannan taro a cire na na'urar awon hawan jini guda uku da na awon suga, a ajiye a ɗakin shan magani na gari, a riƙa auna duk wanda ya haura shekara hamsin kyauta ranar kasuwa. Mun tambayi kuɗinsu, ba su kai na sa ɗaya ba. Idan an amince, mu tsofaffin malamai mun ɗauki nauyin riƙe rajista, tunda kiran suna dai mun iya shi.